Allurar Marvella Stroud

A garinmu Tolliver, can kudancin Indiana a bakin kogi, babu wanda ya taɓa ganin Marvella Stroud ta gama shan kofi a zaune. A tsaye take sha, rabi a kicin, rabi a bakin ƙofa, sauran kuma ya huce a kan rufin mota. Mijinta marigayi Royce yakan ce shekara talatin da takwas suna tare amma ƙeyarta ya fi sani, don kullum tana kan hanyar fita.

'Yar manoman taba ce daga tsallaken kogi, ita ce auta cikin su biyar. Tun tana shekara goma sha ɗaya babanta ya ɗora ta kan tarakta, saboda ita kaɗai ce ba ta fashewa da kuka idan injin ya yi gardama. Ta yi ɗinkin wanduna a wata masana'anta har aka rufe ta, ta yi rabon abinci a tashar manyan motoci, sannan ta karɓi makullin bas ɗin makaranta mai lamba goma sha huɗu. Shekara talatin da huɗu tana wannan tuƙi. Ta ɗauki yara, suka girma, ta ɗauki 'ya'yansu. Ta san gidan da kare ke biyo mota, da gidan da uwa ba ta tashi da wuri, da kwanar da ƙanƙara ke fara daskarewa kafin ko'ina.

Tana da shekara hamsin da bakwai hannuwanta suka fara ƙin ta. Yatsu suka kumbura, da safe sai ta tsoma su cikin ruwan ɗumi kafin ta iya riƙe sitiyari. Likita ya ce ciwon gaɓɓai ne, irin wanda jiki ke cin kansa. Aka fara ta da wasu ƙwayoyi masu araha, ta sha wata huɗu, suka taɓa mata hanta har idanunta suka koma ruwan ɗorawa. Aka tsayar da su. Daga nan aka rubuta mata wata allura da take yi wa kanta a cinya duk sati biyu, kuma kafin wata ya zagayo ta koma buɗe murfin kwalba da hannunta. Allurar nan tana zaune a firij bayan man shanu. Marvella ba ta taɓa tambayar kuɗinta ba, inshorar ma'aikatan makaranta ke biya, ita dai ta miƙa 'yan canji a kemis ta wuce.

Shekarar da za ta cika sittin da biyar ta sa hannu a takardar ritaya. Ba wanda ya kore ta. Wuyanta ne ya daina juyawa yadda take so, ita kuma ta ce ba za ta jira ranar da za ta kasa hango ɗan wani a madubi ba. Ƙarshen Mayu za ta ajiye makulli, ƙarshen Yuni inshorar aiki ta yanke, ɗaya ga Yuli ta koma hannun Medicare, inshorar gwamnati ta tsofaffi. Na asibiti da na likita ba su ba ta wahala ba, fom ta cike aka gama. Magani ne ke da nasa sashe dabam, wanda ake ce wa Sashen D, shi kuma kamfanoni ke sayarwa, kowanne da jerin magungunan da ya yarda zai biya.

Tun cikin sanyi wasiƙu suka fara zuwa. Kullum akwatin ƙofar gida cike, ambulan masu hoton tsofaffi suna dariya a bakin teku. Waya kuwa ba ta hutawa. Marvella takan buɗe ambulan a tsaye, ta karanta layi biyu, ta jefa cikin kwandon wanki. Zuwa Afrilu kwandon ya cika, ta koma tara kayan wankinta a kan kujera.

Yayanta Doyle Pickard, mai shekara saba'in da ɗaya, tsohon mai walda, yakan zo cin wake da burodin masara duk Lahadi bayan coci. Ranar da ya ga kwandon ya yi dariya har ya ƙware.

"Ke dai kin iya ɗora wa kanki wahala," in ji shi. "Ki ɗauki irin nawa mana. Ko senti ba na biya a wata. Har katin gidan motsa jiki suka ba ni."

"Ka taɓa zuwa?"

"Katin yana da kyau sosai."

"Da wannan tumbin, Yaya, ƙofar ma ba za ta karɓe ka ba. Suna biyan allurata?"

"Ina zan sani? Ni ba a yi mini allura. Ki kira su mana."

Ta kira su. Aka sa mata kiɗa, wata murya tana maimaita cewa kiranta yana da muhimmanci. Ta share kicin da wayar a kafaɗa, ta fita ta ɗebo shara, ta dawo kiɗan na nan. A minti na goma sha biyu ta kashe. Haka ta yi da kamfani huɗu. Ta je wani taro da wani dillalin inshora ya shirya a gidan cin abinci, nama kyauta, ta ɗaga hannu tun bai gama gaisuwa ba ta faɗi sunan allurarta. Ya ce galibi suna biyan irin waɗannan. Ta ce ita ba galibi take yi wa kanta a cinya ba, ta ɗauki jakarta, ta bar naman a faranti.

Wata Asabar ta tsaya a kemis ɗin Lyman Ochs, wanda ke kan babban titi tun kafin a sa wa garin danja.

"Lyman, in babu inshora, nawa ne wannan abin?"

Ya leƙa kwamfuta, ya leƙo ta ta saman tabarau. "Kina so ki zauna tukuna?"

"Faɗa mini."

"Dala dubu shida da wani abu. A wata."

"Allura na tambaye ka, ba mota ba."

"Allurar ke nan, Marvella."

Ta fita ba sallama, ta dawo don ta manta makullinta a kan kanta. Lyman ya riƙe makullin bai miƙa mata ba. Ya ce ta je cibiyar tsofaffi ranar Talata, akwai mai ba da shawara kyauta, ba ta sayar da komai, ba ta aiki da kowane kamfani. Ya ce kuma ta zuba duk magungunanta a jaka ta tafi da su.

Kwanakin da suka rage kafin Talatar nan Marvella ta fente barandarta, ta yanke ciyawar gidanta, ta zarce ta yanke ta maƙwabta ba su roƙe ta ba. Cikin tuƙi ma tunanin bai bar ta ba. Ranar Litinin ta wuce ƙofar gidan wasu tagwaye, sai da yara suka yi ta ihu ta taka birki. Abin da bai taɓa faruwa da ita ba ke nan.

Da ta tura ƙofar ɗakin shawarar, ta ga wadda ke zaune bayan tebur, saura kaɗan ta juya. Ottilie Brandt ce, tsohuwar malamar lissafi, yanzu shekararta saba'in da tara. Shekara ashirin matan nan biyu suka yi suna yaƙi: Ottilie takan riƙe 'yan ajinta bayan an kaɗa ƙararrawa sai sun gama lissafin da ke kan allo, Marvella kuma tana waje tana danna hon.

"Madam Stroud," in ji Ottilie, a hankali kamar mai ƙirga kalmomin. "Yau dai ke za ki jira ni, kuma babu hon a ɗakin nan."

"Malama, ban san ke ce ba."

"Da kin sani da ba ki zo ba. Zauna. Juye jakar."

Da yatsa ɗaya Ottilie ke buga kwamfuta. Takan ɗauki kwalba, ta nisanta ta da ido, ta karanta sunan harafi harafi, ta buga, ta sake dubawa. Marvella ta zauna, ta tashi, ta karanta duk sanarwar da ke bango har da ta gasar ɗinkin bargo, ta gyara labulen taga. Bayan kusan awa guda Ottilie ta juyo mata da fuskar kwamfutar.

Cikin tsare-tsare goma sha huɗu da ake sayarwa a yankinmu, uku ne kawai ke da allurar a jerinsu. Na Doyle ba ya ciki. Cikin ukun, ɗaya ne ke hulɗa da kemis ɗin Lyman. Ottilie ta ce doka ta yi iyaka ga abin da mutum zai biya daga aljihunsa a shekara, amma iyakar tana aiki ne a kan maganin da kamfanin ya yarda da shi. Wanda ba ya cikin jeri, kai da Allahnka.

"To a rubuta ni a wannan ɗin, in tafi."

"Dakata. Kin ga 'yan haruffan nan a gefen sunan? Suna nufin sai kin fara gwada ƙwayoyi masu araha, sun ƙi ki, sannan su biya allura."

"Na sha su! Sun kusa kai ni kabari. Duk garin nan an ga idona."

"Kamfanin bai ga idonki ba. A rubuce yake so. Watan farko za su ba ki ba gardama, haka ƙa'ida take. Cikin watan nan likitanki ya aika musu da bayani."

Aka rubuta ta. Ranar ƙarshe ta makaranta yara suka manna takardu masu launi a jikin bas, aka yanka kek a garejin motoci, Marvella ta miƙa makulli ta fice kafin shugaban ya gama jawabi, don ba ta son a ga fuskarta.

Farkon Yuli Lyman ya ba ta kwali ɗaya, allura biyu. Ta yi ɗaya, bayan sati biyu ta yi ta biyun. Ofishin likitarta, Dakta Reinholt, ya aika da buƙata. Ranar ashirin da ɗaya ga wata amsa ta zo: an ƙi, babu shaidar cewa ta taɓa gwada ƙwayoyin. Dakta Reinholt shekara uku kawai take duba ta, kuma fayil ɗin da ta gada daga tsohon likita ya fara ne daga allurar, shafukan baya ba su biyo ba.

Washegari Talata ce. Marvella ta faɗa ɗakin Ottilie da wasiƙar a hannu. Ottilie ta karanta ta tun daga adireshi har zuwa sa hannu, ta cire tabarau, ta shiga goge shi da gefen rigarta.

"Abin da suke so shi ne shaida daga shekara takwas da suka wuce. Tsohon likitanki yana da ita, babu shakka. Amma ni a ganina, kafin ki je ko'ina, abu na farko…"

Ta ɗaga tabarau ɗin wajen haske ta ga ko ya fita. Kafin ta mayar da shi fuskarta, Marvella ta riga ta tada mota.

Asibitin tsohon likitan, a garin da ke gaba, ya zama shagon wankan karnuka. Matar da ke ciki ta ce ta ji an kwashe takardu an kai babban asibitin gunduma. A can aka tura ta ginin baya, daga ginin baya aka tura ta hawa na uku, wata mata mai fara'a ta ba ta fom ta ce nema yakan ɗauki har kwana talatin, don tsofaffin fayil suna wani sito a birni. Marvella ta karɓi adireshin siton ta kama hanya. Mai gadi ya ce su ba sa hulɗa da mutane, sai da asibitoci. Kashegari ta nemo gidan tsohon likitan, ta tarar da wasu baƙi suna shanya kaya, suka ce ya rasu bara, matarsa ta koma wajen 'yarta a Arizona. Kwana huɗu tana kan titi, abincinta gyaɗa da kofi na gidan mai. Da yamma ta kasa zama, sai ta buɗe firij ta dubi wajen da allurar ke zama, ta rufe, ta zagaya gida, ta sake buɗewa.

Ranar allura ta zo ta wuce. Kwana biyu ba ta ji komai ba, har ta fara cewa ƙila jikin ya warke da kansa. A na huɗu zobenta ya ƙi fita. Ranar Talata da safe Doyle ya biyo karɓar tsani, ya same ta tsaye a kicin, gwangwanin kofi a matse tsakanin gwiwar hannu da ƙirji, tana ƙoƙarin buɗe shi da haƙori.

Bai yi dariya ba. Ya karɓa ya buɗe, ya dubi yatsunta.

"Auta, tun yaushe?"

Rabon da ya kira ta da wannan suna tun ranar jana'izar Royce. Ta juya masa baya.

"Ba komai ba ne. Zan koma asibitin nan yau."

"Da wane hannun za ki riƙe sitiyari? Shiga motata."

Doyle yana tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai. Yakan tsaya a mahaɗar da babu kowa, ya dubi dama, ya dubi hagu, ya sake duban dama.

"Yaya, ga mai keke can ya wuce mu."

"Ya gaida gida."

"Ba nan ce hanyar asibiti ba."

"Na sani. Yau Talata."

Ottilie ba ta nuna mamaki ba da ta gan su. Ta nuna kujera.

"Mista Pickard, don Allah tsaya a bakin ƙofar nan, kada ka matsa. Madam Stroud, zan ƙarasa maganar da na fara sati biyu da suka wuce. Na kira wayarki sau uku."

"Na zaci masu tallar inshora ne."

"Ƙwayoyin nan da suka taɓa miki hanta, a ina kika saye su?"

Doyle ya kalli silin, yana danne dariya.

"Wajen Lyman," in ji Marvella da ƙyar.

"Masu kemis sukan ajiye bayanai shekaru da yawa. Wannan ne abu na farko."

Daga cibiyar zuwa kemis tafiyar minti uku ce, ko da tuƙin Doyle. Lyman ya saurare ta, ya shiga ciki, injin buga takarda ya yi ƙara. Shafi biyu ya fito da su: ranakun da ta karɓi ƙwayoyin, wata huɗu a jere, sannan a ƙasa wani layi da shi da kansa ya shigar a lokacin, cewa likita ya bugo waya a tsayar da maganin saboda hanta.

"Me ya hana ki tambaye ni?" in ji Lyman.

"Me ya hana ka faɗa mini?"

"Yaushe kika tsaya?"

A ranar Dakta Reinholt ta aika da shafukan, ta nemi a duba da gaggawa, ta rubuta halin da hannuwan suke ciki. Kwana ukun da suka biyo baya Marvella ta yi su da waya a aljihun riga, tana ɗaga kowane kira, har ta saurari wani mai tallar rufin gida ya gama bayaninsa kaf. Ranar Juma'a da hantsi aka kira: an amince, har ƙarshen Disamba.

"Disamba kawai?" ta tambayi Ottilie daga baya.

"Kowace shekara suna sake jerinsu. Tsakiyar Oktoba ki dawo da jakarki mu duba."

"Kowace shekara? Har yaushe?"

"Har ranar da ba ki buƙatar magani kuma," in ji Ottilie. "Ni ban ga abin gaggawa a wannan ba."

Doyle ne ya kai ta karɓo kwalin. Tana ƙoƙarin sa hannu da alƙalami a dunƙule, ta ji Lyman ya ja yayanta gefe yana magana ƙasa-ƙasa. Kunnen da ya shekara talatin da huɗu yana jiyo raɗar kujerar baya bai rasa ko kalma ɗaya ba. Lyman yana tambaya ne yadda aka yi maganin zuciya na wata ɗaya yake kai Doyle wata biyu.

Sai da suka shiga mota ta yi magana.

"Rabawa kake yi?"

"Ba ruwanki."

"Yaya, rabawa kake yi biyu?"

Sai ya ce tun Janairu kamfaninsa ya mayar da maganin cikin masu tsada. Sun aiko da wasiƙa, bai buɗe ba, sai a kanta ya ji sabon farashi. Ya ji kunyar ya faɗa wa kowa, shi da ke yawo gari yana yabon tsarinsa. Sai ya sayi 'yar wuƙar raba ƙwaya.

Marvella ta zage shi tun daga babban titi har ƙofar gida, ta haɗa da walda da tumbi da taurin kan gidansu, sannan ta fashe da kuka, abin da bai faru ba duk tsawon watannin nan. Doyle ya kashe mota ya jira ta gama. Litinin ta sa shi gaba zuwa wajen likitansa, aka sauya masa da wani maganin da tsarinsa ke biya kafin shekara ta ƙare. Ranar Talatar farko bayan tsakiyar Oktoba su biyu ne a sahun gaba a ƙofar Ottilie, kowa da jakarsa. Tsarin Marvella bai canja ba a shekarar, sai dai likita ta sake aika takarda. Na Doyle aka sauya shi gaba ɗaya.

Hannuwanta sun ɗauki sati uku kafin su saki. Ita tana cewa ƙaramin yatsanta na hagu bai koma daidai ba, Dakta Reinholt kuma ta ce da ma can haka yake. Doyle kuwa kumburin ƙafar da raba ƙwayar ya jawo masa ya sauka, har da sanyi ya wuce ya koma kamun kifi a kogi. Wata safiya ya ajiye mata bokiti cike da tarwaɗa a baranda, ko ɗaya bai gyara ba, ya ce tunda gwamnati ta gyara mata hannu sai a ga amfaninsa. Ta gyara su tas, ta soya, ta kai wa Ottilie da Lyman nasu. Kawunan kuma ta zuba su a bayan motar Doyle ƙarƙashin tamfol, bai gano ba sai ranar Alhamis.